KEMIS ƊIN ƘAUYENKU YA SHIRYA WA DAMINA KUWA?

 

Yau ina so mu sauke tukunya, mu rufe keken ɗinki, mu leƙa wani ɗan shago da kowaccenmu ta san da zamansa, ko da kuwa ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, watau kemis. Uwargida, tuna sau nawa kika kwance bakin zane a bana kika aiki yaro wurin mai kemis, yau na zazzaɓi, gobe na tari, jibi na ciwon ciki. A ƙauyukanmu da yawa asibiti yana da nisa, kuɗin mota kansa abin tunani ne, saboda haka wannan shago shi ne wurin da ake fara zuwa, sau da yawa kuma daga shi ba a zuwa ko'ina. To, ranar da ruwa ya cinye hanya, ba shiga ba fita, me za ki tarar a cikinsa?

Abin Da Na Gani Da Idona

Ni malama ce a makarantar firamare ta wani ƙauye da ke kwarin kogin Haɗeja, cikin Jihar Jigawa. A daminar 2022, cikin watan Satumba, ruwa ya zo mana da dare. Kafin gari ya waye gidajen unguwa biyu sun kwanta, hanyar da ke kai mu bakin kwalta kuwa ta zama kogi. Da yake makarantarmu a kan tudu take, sai aka tattara bencina gefe guda, azuzuwa suka zama ɗakunan kwana. Ajin da nake koyarwa kaɗai ya ɗauki matan gida bakwai da 'ya'yansu.

Mai kemis ɗinmu mutumin kirki ne. Yana ba da bashi, ana tashinsa da tsakar dare bai taɓa ɗaure fuska ba. Amma daɓen shagonsa ya fi titi kwari, sabon kayan da ya saro kuwa suna cikin kwalaye a ƙasa. Ruwa ya shiga har gwiwa. Abin da ke kan kanta ta sama kaɗai ya tsira.

A rana ta huɗu gudawa ta ɓarke tsakanin yara, domin rijiyoyi sun haɗu da ruwan masai. Ƙullin gishirin nan na ORS da ya rage a shagon bai kai magariba ba. Wata ɗalibata 'yar aji biyar, uwarta ta aike ta da kuɗi a hannu domin ƙanenta ɗan wata goma sha takwas, ta dawo da kuɗin kamar yadda ta tafi da su. Yaro ya kwana yana zawo. Da safe idanunsa sun faɗa, ya kasa kama nono. Aka yi ta neman kwale-kwale, da ƙyar aka samu, amma ba su kai bakin kwalta ba ya cika.

Mun sani idan kwana ya ƙare babu makawa. Duk da haka akwai abin da har yau yake cin raina. Akwai gishiri a wannan makaranta, domin mata suna girki a tsakar fili. Akwai sukari wurin mai shayi. Ni da kaina na taɓa rubuta wa yarinyar nan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari a kan allo, ta kwafa a littafinta, ta kuma ci jarrabawa. Sai dai ban taɓa sa ta ta riƙe cokali ta auna da hannunta ba. Aji biyu ne kawai tsakanina da su a daren nan, ban ji labari ba sai da safe.

Bayan ruwa ya janye na bi ta ƙofar shagon, sai na ga an baza tabarma a rana, an shanya fakitin magunguna kamar ana shanyar kuɓewa. Na ce, "Malam, ai waɗannan sun tashi aiki." Ya dube ni ya ce, "Malama, jarina ke nan gaba ɗaya. In na zubar, da me zan ci da iyali?" Na rasa amsar da zan ba shi. Daga ranar na gane cewa shirin wannan shago ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma mu mata da muka fi kowa sayayya a wurinsa muna da hannu a ciki.

Wane Ne Mai Kemis?

Ya kamata mu san bambanci. Akwai masanin haɗa magunguna wanda ya yi karatun jami'a, irinsu kuwa galibi a birane suke. Wanda ke ƙauye mafi yawa mai sayar da ƙananan magunguna ne, kuma doka ta ce sai ya sami lasisi daga Majalisar Kula da Harkar Magunguna ta Nijeriya, wadda ake kira PCN. Lasisin ya ba shi izinin sayar da magungunan yau da kullum a cikin fakitinsu, kamar farasitamol, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da ORS, da ƙwayar zink. Bai ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba. Magungunan kansu kuwa hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi musu rajista, za ki ga lambarta a jikin kwali.

Na faɗi wannan ne domin kada mu ɗora masa abin da ba nasa ba. Idan hanya ta yanke, ba zai zama likita dare ɗaya ba. Amma ƙananan abubuwan da aka yarje masa su ne ke riƙe rai a kwanakin farko, kafin taimako ya iso.

Ruwa Ba Baƙo Ba Ne

Kada wata ta ce ai abin Haɗeja ne. Iyayenmu na Kano suna tuna fashewar madatsar ruwa ta Bagauda a 1988. Mutanen Sakkwato ba su manta da ruwan 2010 ba, wanda ya yi ɓarna a yankin Goronyo. A 2012 hukumar ba da agajin gaggawa, watau NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu a ƙasar nan, fiye da miliyan biyu kuma suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Ran 10 ga Satumba 2024 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri, har ya shiga babban asibitin koyarwa. A ƙarshen watan Mayu 2025 kuma ruwa ya auka wa Mokwa ta Jihar Neja, mutum fiye da 150 suka halaka. To, idan ruwa ya iya tsayar da aikin babban asibiti a birni, ina ga ɗan shagon ƙasa a ƙauye?

Mu a nan yankinmu ko ba a yi ruwa mai yawa a kanmu ba, wanda ya sauko daga Tiga da Challawa yakan iske ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje.

Bayan ruwa kuma sai cuta. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Sauro ma yakan sami wurin hayayyafa a kududdufai, sai zazzaɓi ya biyo baya.

Ta Ina Shago Yake Karyewa?

Na farko ta hanya. Mai kemis na ƙauye ba ya tara kaya da yawa, domin jarinsa kaɗan ne. Ranar kasuwa yake shiga mota ya saro na mako guda. Idan gada ta karye, cikin kwana biyu ko uku kanta ta zama wayam. Ba ruwa kaɗai ke yanke hanya ba. 'Yan'uwanmu na Zamfara sun ga haka a 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya saboda matsalar tsaro.

Na biyu ta danshi. Duk maganin da ruwan ambaliya ya taɓa ya lalace, domin ruwan ya ɗebo ƙazantar masai da ta bola. Kwalbar sirof ma, ruwa yakan shiga ta ƙarƙashin murfi. Shanya a rana ba ta gyara shi, sai ma ta ƙara kashe shi.

Na uku ta zafi. Ki duba jikin kwali, yawancinsu an rubuta a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, wasu ma 25. Alhali kuwa a watan Afrilu zafin garuruwanmu yakan haura digiri 40, balle cikin shagon kwano marar silin. Watau wani maganin tun bazara ya fara rauni, kafin damina ta zo ta same shi.

Na huɗu ta kuɗi. Duk mun tuna wahalar takardun naira a farkon 2023. Idan ruwa ya kayar da turakun waya, ba tura kuɗi, ba mai POS. Wadda ba ta da 'yan canji a ƙulle sai ta tsaya kallo.

Abin Da Za Mu Tambaye Shi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan magana shi ne watan Mayu da Yuni, tun kafin marka. Na san da yawanmu muna cikin kulle. Wannan ba zai hana ba. Ki yi wa maigida bayani da daddare bayan ya ci abinci ya huta, ko kuwa matan unguwa su wakilta dattijai biyu su je, cikin ladabi, ba da faɗa ba. Ga abin da za a duba.

Ina yake ajiye kaya? Kada kwali ko ɗaya ya zauna a ƙasa. A ɗaga kanta ta wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa, alamar tana nan a jikin bango. A sami manyan robobi ko bokitai masu murfi a zuba abin da ya fi muhimmanci, yadda mutum biyu za su iya ɗauka su gudu da shi cikin dare.

Ina zai kai su idan ruwa ya zo? A yanke wannan shawara tun yanzu tare da mai unguwa ko dagaci, ko gidan wani a kan tudu, ko ofishin hedimasta. A kuma san wa zai taimaka masa ɗauka, domin a wannan dare shi ma yana da iyalin da zai tsamar.

Me ya tanada? Bari mu yi lissafin 'yan aji uku. Yaro ɗaya mai gudawa yana bukatar ƙullin ORS biyu da ƙwayar zink goma, haka ma ake haɗa su a fakiti guda. Idan yara hamsin suka kamu cikin mako ɗaya, ana bukatar ƙulli 100 da ƙwaya 500. A tambaye shi nawa yake da su. Bayan wannan sai maganin tsabtace ruwa na kulorin, da maganin zazzaɓin cizon sauro na manya da na yara tare da abin gwajin jini na yatsa, da farasitamol, da bandeji, da aidin na wanke rauni, da sabulu, da audugar mata.

Yana da lambar wayar malamin asibiti? Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan ɓarkewar cututtuka. Mai kemis shi ne mutum na farko da zai gane an shiga annoba, domin in mata goma suka aiko neman maganin gudawa a yini ɗaya, ruwa ba ya tsami banza. Wajibinsa ne ya kai labari nan take. Hukumar NCDC ma tana da lambar kira kyauta, 6232.

Yanzu sai batun jari, wanda shi ne ainihin ciwon. Ba adalci ba ne mu ce ya tara kaya alhali ba shi da kuɗin. A nan adashi zai yi mana rana. Matan unguwa ko na makarantar Islamiyya su ware zubi ɗaya, a ba shi ya saro katan na ORS da zink da maganin ruwa, a rubuta a takarda a gaban mai unguwa, a ajiye a wuri mai tudu. Idan Allah ya sa damina ta wuce lafiya, sai ya sayar da kayan a hankali ya mayar da kuɗin, tunda gudawar yara ba ta yankewa ko da rani. Kuma a yi alkawari da shi cewa duk abin da ruwa ya taɓa za a ɗaure a buhu a miƙa wa hukuma ta ƙona. Kada a watsar a bola inda yara za su tsinta, kada kuma a zuba a kogi.

Gwangwanin Uwargida

Kemis ko ya shirya, dare ɗaya yana iya raba ki da shi. Saboda haka ki nemi gwangwanin madara babba ko roba mai murfi, ki rataye a sama inda hannun yara ba ya kaiwa, nesa da murhu. Ki zuba ƙullin ORS huɗu ko shida, da zink, da farasitamol, da maganin ruwa, da sabulu, da ashana, da ƙaramar tocila, da 'yan kuɗi. Katin awo da katin rigakafin yara ki naɗe su cikin leda ki sa a ciki.

Ga yadda ake aiki da su. Ƙullin ORS ana zuba shi gaba ɗaya cikin ruwa mai tsabta gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi haka a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Kada a daina ba da nono. Zink kuwa ƙwaya ɗaya kullum har kwana goma ko da zawon ya tsaya, jaririn da bai kai wata shida ba rabin ƙwaya.

Idan babu ƙullin fa? Ki tafasa ruwa ya huce, ki auni lita ɗaya, ki zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, ba a tula ba, da gishiri rabin cokalin shayi, ki motsa. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Gishiri in ya yi yawa illa ne ga yaro. Kafso ɗin nan mai ja da rawaya da ake buɗewa a zuba wa yara a koko, ku bar shi, ba ya mayar da ruwan da jiki ya zubar.

Amma idan kika ga ido ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko yaro ya kasa sha, ko jini a bayan gida, ko zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, to wannan ya wuce gida, ya wuce kemis. A nemi hanyar asibiti ko ta halin ƙaƙa, ana tafe ana ba shi ruwan.

Game da ruwan sha, alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Bayan ruwa ya kwanta sai an tafasa shi, ko a sa kulorin a jira rabin awa.

Sa'an nan ki tuna da masu shan magani kullum a gidanki: surukarki mai hawan jini, maigida mai ciwon sukari, yaro mai farfaɗiya ko asma, da mai shan maganin tarin fuka. Waɗannan ba a yanke musu magani rana ɗaya. Mai farfaɗiya in ya daina sha kwatsam ciwon yana iya tashi fiye da dā. A je asibiti tun watan Yuli a gaya wa likita cewa hanyarmu tana yankewa, a roƙi ƙarin na mako biyu ko wata guda. A ajiye tsohon kwalin maganin, domin ko kin manta sunansa, kwalin zai faɗa.

Mai allurar insulin yana bukatar sanyi. Inda babu firji, akwai dabarar wani malami ɗan Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Sai a sa kwalbar allurar cikin roba mai murfi kada ruwa ya taɓa ta. Amma ku sani wannan tukunya ta fi sanyi da rani. Da damina, da yake iska tana da danshi, sanyinta yakan ragu, saboda haka a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Ke kuma mai juna biyu, ki ƙirga watanninki. Idan haihuwa za ta faɗo a Agusta ko Satumba, kuma garinku na yankewa, ki yi shawara da maigida ki koma wurin dangi kusa da asibiti da wuri. Ai tafiya goyon ciki al'adarmu ce, ba wanda zai ga baƙon abu. Duk da haka ki tanadi sabuwar reza, da zare mai tsabta, da sabulu, da leda, da safar hannu domin ungozoma, da man cibiya na kuloheksidin. Wannan man na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci idon jariri. Allurar tsayar da jini bayan haihuwa tana lalacewa in ta sha zafi, wannan ma dalili ne na ƙin karɓar allura a shago.

Abu na ƙarshe, ruwa yana koro macizai cikin gidaje, har da kububuwa. Maganin dafinta babu shi a kemis, sai manyan asibitoci, irin na Kaltungo a Jihar Gombe da ya yi suna a kan wannan aiki. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko munduwa, a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Gare Ku 'Yan Makaranta

'Yan ƙannena, ku ake aika, ku ne kuma idon iyayenku. Idan aka miƙo miki magani kada ki karɓa ki ruga. Ki nemi haruffan EXP, watan da shekarar da ke gabansu su ne ƙarshen ransa. Ki nemi lambar NAFDAC. Ki duba kwalin, in ya kumbura, ko rubutunsa ya zuba, ko akwai shatar ruwa a jikinsa, ki ce, "Baba, a canza mini wani." In ƙwaya ta canza launi ko tana marmashewa, kada a sha. Wannan ba rashin kunya ba ne, in dai kin faɗa da ladabi.

Kuma a wannan Asabar ina so kowaccenku ta ɗauki cokali da kofi ta haɗa ruwan gishiri da sukari a gaban mahaifiyarta, ta ɗanɗana, ta koya wa ƙawarta wadda ba ta zuwa makaranta. Kada ya tsaya a littafi kamar yadda na bar shi ya tsaya.

Kira Ga Hukuma

Kowace shekara hukumar hasashen yanayi, NiMet, da hukumar kula da ruwan koguna, NIHSA, sukan ba da sanarwar yadda damina za ta kasance da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, ana kuma faɗa a rediyo. Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomi da sassan lafiya, idan sanarwa ta fito, su tara masu kemis na ƙauyuka su yi musu bita, su san adadinsu da inda kowa yake. A kai kayan gudawa da na tsabtace ruwa garuruwan da ke yankewa tun hanya tana da kyau. Buhun shinkafar agaji yana da amfani, amma yakan iso bayan mako biyu, gudawa kuwa tana iya kashe yaro a kwana ɗaya.

Mu ma mu buɗe ƙofa ga ma'aikatan da ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata, mu kuma cika musu na rana ta biyu da ta uku da ake bar mana. Duk yaron da bai kwanta ba, ya rage wa kemis nauyi.

Kafin in rufe, ga yadda muka ƙare a ƙauyenmu. Matan unguwarmu sun yi zubi, mai kemis ya ƙara da nasa, ya cike daɓen shagon ya ɗaga kanta. Robobi biyu masu murfi suna zaune a ofishin hedimasta daga Yuli zuwa Oktoba kowace shekara. Mahaifiyar yaron nan ita ce ta fara kawo nata kuɗin, ita ce kuma take zuwa ajina duk farkon damina, ta zauna a kan benci, 'yan mata suna auna sukari tana duba ko sun shafe cokali.

Idan a garinku akwai wata dabara da kuka yi, ku rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da zuriyarmu, amin. Sai mun sake saduwa.